Ba Asibiti Ke Yanke Ƙafa Ba

Na gaji da jin maganar nan a Barkiya da sauran ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma: "Kada ku kai shi asibiti, yanke ƙafar za su yi." Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko ɗan acaɓa ya kife, kafin ka ce kwabo an nufi gidan mai ɗori.

Ɗori sana'ar gado ce, ba na raina ta. Mai ɗori yana kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, targaɗe da ƙaramar karaya kuma sukan warke a hannunsa. Shi ya sa aka gamsu da shi.

To amma mu tsaya a batun yankewar. Gaɓar da ta karye kumbura take yi. Idan aka jera kara aka ɗaure tamau da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya shaƙe jijiyoyin jini. Naman da jini bai kai masa ba, cikin 'yan sa'o'i yake fara mutuwa. Yaro na ihu, a ce ɗori ne ke kamawa. Yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, a ce iska ce ko sammu. Sai wari ya cika ɗaki sannan a kwashe shi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959. Likita ya tarar da ruɓaɓɓiyar ƙafa, in bai cire ba dafin ya bi jini ya kashe yaron. Labari kuma ya dawo gari cewa asibiti sun yanke. Haba jama'a! Tsakani da Allah, a ina ƙafar nan ta mutu?

Tsadar asibiti da nisansa kam gaskiya ne, suna hana wasu zuwa.

Duk da haka, kafin kowa ya ja ko ya murɗa, a je Dutsin-Ma ko Katsina a ɗauki hoton ƙashi. Idan ƙashi ya huda fata, ban da man shanu, ban da barbaɗa garin magani. A rufe da ƙyalle mai tsabta a wuce asibiti a ranar. Gwiwar hannun yaro, ƙugun tsoho, wuya da gadon baya, waɗannan ba na gida ba ne. In kuwa an riga an ɗaure, uwa ta riƙa taɓa yatsun dare da rana. Da ta ji sun yi sanyi, ko yaro ya kasa motsa su, ko zafin ya ƙaru maimakon raguwa, a kwance ɗaurin nan take a nemi mota, ko da tsakar dare ne, ko da mai ɗori ya ce a bari sai kwana bakwai.