Ƙasar Kura Ba Za Ta Nutse Ba

Tun girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, wata magana ta ƙi mutuwa a majalisunmu na Kura da Bunkure. Wai ƙasa a kan ruwa take zaune, wai yawan haƙa rijiyar burtsatse da nauyin ruwan dam ɗin Tiga za su huda ta, a wayi gari gonaki sun nutse. Sai a haɗa da bidiyon tsagewar ƙasa a Kenya na 2018, wanda masana da dama suka ce ruwan sama ne ya zaizaye wurin. Mutum ya ga gonarsa ta dare bayan yankan shinkafa, ya dafe kai yana salati. Haba jama'a! Laka ce ta bushe.

Gaskiya ne ɓawon ƙasa ɗauke yake a kan wani abu, amma ba ruwa ba ne. Dutse ne mai zafi, wanda ke motsi a hankali ƙwarai. Abin da ya hana ɓawon nutsewa kuwa duk manomin shinkafa ya san shi: in ka jiƙa iri, mai ƙwaya ya kwanta a gindin baho, ƙaiƙayi ya taso sama. Dutsen da ke ƙarƙashin Kano, irin wanda ya ɓullo a Rano, in aka yanko daidai girman lita ɗaya zai yi kilo 2.7. Na can ƙasa kuwa kilo 3.3 ne. Mara nauyi ba ya nutsewa cikin wanda ya fi shi nauyi. Ikon Allah ne, kuma a kan wannan ƙa'ida Ya tsara shi.

To, maganar hudawa fa? Kaurin ɓawon nan ya kai kilomita 35 ko fiye. Rijiyar burtsatsen da ake zuzutawa da wuya ta wuce mita 100 a yankinmu. Rashawa sun kwashe kusan shekara 20 suna haƙa rami a Kola, suka tsaya a kilomita 12, ko rabi ba su kai ba. Injin da ake ɗorawa a bayan mota ne zai yi abin da ya gagare su?

Ɓawon ƙasa a rarrabe yake faifai-faifai, kuma galibin manyan girgizar ƙasa a bakin faifan suke faruwa, inda ɗaya ke gogar ɗaya, kamar a Turkiyya da Japan. Mu a tsakiyar faifan Afirka muke, nesa da baki. Akan ji 'yar jijjiga, kamar ta Kwoi a 2016 da ta Mpape a Abuja a 2018, shi ke nan.

Abin da ke ba ni haushi, ana tsoron abin da ba ya zuwa, an bar wanda ke cin gona kullum. Dam ɗin Bagauda da ya ɓalle a Agustan 1988 ba girgiza ce ta fasa shi ba, ruwan sama ne ya fi ƙarfinsa. Tiga tun 1974 yake tsaye, shi ma kulawa yake so. Je ka duba ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da gonarka: kachala ta cike shi, leda da robar maganin feshi sun toshe bakin kwalbati, wani ya fasa gefensa da dare ya saci ruwa. Magudanar da aka tanada don fitar da ragowar ruwa kuma an cike ta an shuka masara. Ruwa ya kwanta, farin gishiri ya taso a kan kunya, tumatir ya ƙi.

Don haka kafin a sako ruwan rani, ku fito gayya ku yashe kanal. Kada a ɗebi ƙasar bulo a jikin bangonsa. Wanda ya ga ruwa na tsattsafowa daga gindin bango, musamman mai laka-laka, ya sanar da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ko ma'aikatan Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are a ranar, kada ya jira sati. Duk saƙon muryar da ya ce a gudu kuma, a tambayi wanda ya turo shi inda ya samo, kafin a tura wa wani.