Makera: Rago Na Cin Kuɗi, Kare Na Cin Ƙanzo

A Makera dabba ce ke fara karya kumallo, mutum ya biyo baya. Tun da duku-duku uwargida za ta jiƙa dusa da ƙasari, ta barbaɗa 'yar kanwa, ta ajiye wa tumaki a turke. Maigida ya sauko da damin harawa daga kan rumfa ya yagar wa shanun huɗa. Yara su kora awaki waje, kaji su bazu a tsakar gida suna tsince abin da ya zube a gindin turmi. Sai an gama da waɗannan duka sannan a ɗora koko. Can a bakin zaure kuma kare ne a kwance, yana jiran ƙanzon tuwon jiya idan an rage.

Makera mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, kusa da madatsar ruwa ta Zobe wadda aka gina a kan kogin Karaduwa, aka kammala a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ruwan ya ba mutane noman rani da su, ya kuma zama mashayar dabbobi lokacin da tafkuna suka ƙafe. Sai dai ko mai lambu ko masunci, da wuya ka shiga gidansa ka rasa abin kiwo. Akuya ita ce asusun mace. Da ita ake yin kayan ɗakin 'ya, da ita ake biyan kuɗin asibiti idan haihuwa ta zo da gardama. Sa kuwa shi ne ƙarfin gona, shi ne mai jan amalanke.

A Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, mutane sun kashe kimanin dala biliyan 147 a kan karnuka da kyanwoyi da sauran dabbobin da suke ajiyewa don sha'awa: abinci, magani, aski, kuɗin likita. Irin wannan ɗabi'a ta fara shigowa manyan biranenmu, inda a Abuja da Kano ake samun masu karnukan ƙasar waje da katin asibitinsu. A Makera abin da ya fi kusa da kiwon sha'awa shi ne tantabarun samari, sai dokin da ake tanada don hawan salla, sai kyanwar da ta zaɓi gida da kanta saboda ɓeran rumbu. Amma kada wani ya ɗauka ba a kashe wa dabba kuɗi a nan. Idan aka auna da abin da ke shiga aljihun magidanci, ana kashewa ƙwarai. Abin dubawa shi ne inda kuɗin ke tafiya, da inda ba ya zuwa ko kaɗan.

Mafi yawansa ciki yake tafiya. Mai turka ragon layya yakan saye shi watanni kafin Babbar Salla, Balami ko Uda ko ɗan ƙasa, ya ɗaure shi a inuwa yana ɗura masa dusa da kowa da harawar gyaɗa. Da kaka waɗannan kaya araha ne, da bazara kuwa damin harawa sai mai hali. Tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, da sakin darajar Naira a watan da ya biyo baya, buhun dusa ya hau, kuɗin mota ya hau, maganin dabbobi da galibinsa daga waje ake shigo da shi shi ma ya hau. Duk da haka ba a fasa turka ba, domin rago mai ƙiba yana maido da kuɗinsa.

Bayan ciki sai allura, kuma a nan ne damuwata take. Ranar kasuwa, kusa da karar dabbobi, ba a rasa mai tebur da kwalabe jere a rana: ƙwayar tsutsar ciki, maganin kaska, allurar ƙazuwa, da kwalbar nan mai ruwa kamar zuma da kowa ke kira LA. Makiyayi zai tsaya ya ce, "Malam, tunkiyata ce ba ta cin abinci, ga zawo ga majina." Mai tebur bai ga tunkiyar ba, bai san nauyinta ba, amma zai zuƙo magani a sirinji ya miƙa. A gida a danna mata a cinya. In ta tashi, maganin ya yi suna. In ta mutu, kwana ne ya ƙare.

Ban ga laifin makiyayin ba. Ɗauko likitan dabbobi daga gari yana nufin kuɗin mai da kuɗin aiki, wani lokacin ma ya kusa rabin kuɗin akuyar. To amma wannan zawo da majinar da ke kwashe awaki da tumaki, musamman idan an haɗa su da sababbin da aka sayo daga kasuwa, sau da yawa cutar PPR ce. Ƙwayar da ke kawo ta ba ta jin LA. Iyakar abin da allurar za ta yi shi ne rage wasu cututtukan da suka hau kanta. Abin da ke tsare garke shi ne rigakafi, allura guda mai kare dabba shekara uku ko fiye, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take sarrafawa a cikin ƙasar nan. Haka annobar da ke share kaji duk hunturu, wadda ake gani kaza ta karkace wuya tana fitar da koren kashi. Ita ma tana da rigakafin da ake ɗigawa a ido, mai jure zafi, wanda aka yi shi musamman don kajin karkara. Mutum zai kashe dubbai a jinyar da ba ta da tabbas, alhali abin da zai hana cutar bai kai kuɗin mudun dusa biyu ba, sai dai bai iso ƙofarsa ba.

Allurar hannu tana da wani sharrin da ba a gani da ido. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta. Wa ke karantawa? An yi wa saniya allura da yamma, da safe an tatse ta, da rana nonon yana cikin ƙwaryar fura. Ragowar maganin yana shiga jikin mutum kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi a jikin dabba da na mutum. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Dattawa sun san wani tsari daban. A zamanin En'e, bayan jangali akwai huji. Malamin dabbobi yakan zo da ayarinsa, a kafa shinge, a yi shela ta bakin dagaci da arɗo, a kawo shanu a yi musu allura a huda kunne don shaida. Babban gangamin yaƙi da bushiya da aka soma a 1962 a ƙasashen yankin Tafkin Chadi, har da Najeriya da Nijar, da irin wannan aiki ya kusa kawar da cutar. Da aka yi sakaci ta dawo, a 1983 ta yi wa shanun Arewa ɓarnar da Fulani ba su manta ba har yau. Aka sake ɗaura ɗamara, kuma a 2011 aka bayyana cewa babu sauran bushiya a duniya. Wannan nasara ba kowa da sirinjinsa ne ya kawo ta ba, hukuma ce ta bi ruga-ruga. Ita PPR ɗin 'yar'uwar bushiya ce, duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da ita.

Bin ruga-ruga a yau ba kamar da ba ne. Dajin Rugu yana yamma da nan, ta wajen Safana da Batsari, kuma satar shanu da garkuwa da mutane sun sauya yadda ake kiwo a duk tsakiyar Katsina. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Dutsin-Ma da Charanci, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi da maƙwabtansu. An ɗage dokar daga baya, amma tsoron bai tafi ba. Wanda a da yake barin shanunsa a sheƙar bayan gari, yanzu cikin gida yake kwana da su. Turke ya matso kusa da ɗaki, kashin dabba kusa da randa da wurin wasan yara. Ma'aikacin lafiyar dabbobi kuma dole ya yi tunani sau biyu kafin ya hau babur ya nufi wata ruga.

Shi ma ruwan Zobe yana da nasa haraji. Dabbar da ke kiwo a gefen ruwa mai kwanciya tana haɗiyar tsutsar hanta tare da ciyawa, tsutsar da ke girma a jikin wasu ƙananan dodon koɗi. Saniya ta rame, ƙasan haɓarta ya kumbura, mai ita ya yi ta saye mata maganin da bai dace ba. Mahauta ne suka fi kowa sanin wannan, domin su ke ganin hantar ta yi tauri da farin jijiyoyi. Wani nau'in dodon koɗin a irin wannan ruwa shi ke ɗauke da tsargiyar da ke sa yara fitsarin jini.

Sai kuma maganar wuƙa. Idan dabba ta faɗi, abin da ake fara nema shi ne mai yanka, kada ta zama mushe. Ta fuskar addini an tsira, ta fuskar asara an rage zafi, naman ya tafi kasuwa da araha ko a raba wa maƙwabta. Amma yanka yana halatta nama ne, ba ya kashe cutar da ke cikinsa. Ciwon saifa yakan kayar da sa lafiyayye cikin sa'o'i, jini baƙi da ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da dubura. Duk wanda ya feɗe irin wannan, ko ya ɗauki fatar, ko ya ci, ya sa kansa cikin haɗari, kuma ƙwayar takan zauna a ƙasar wurin shekaru da dama. A watan Yulin 2023, makonni kaɗan bayan Babbar Salla, gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Irin wannan gawa ba a buɗe ta. Rami mai zurfi ake haƙa mata, a kuma sanar da malamin dabbobi.

Karen da ke bakin zaure shi ne ya fi kowa aiki da dare, musamman a wannan zamani da haushinsa kan iya zama gargaɗin farko. Yana gadin gida, yana rakiyar garke, yana bin samari farauta da rani. Malamai sun halatta ajiye shi don waɗannan ayyuka, suna kuma karantar da mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Duk da haka shi kaɗai ne ba shi da kaso a kasafin gida. Ba a sayar da shi, don haka ba a yi masa allura. Idan ya kamo zomo na wane ne, idan ya ciji yaro kuma sai a ce karen unguwa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake: yaro ne ke tsokanar kare, shi ne gajere da cizon ke samu a fuska ko wuya, shi ne kuma ke ɓoyewa don tsoron faɗa. Ciwon yakan warke, a manta. Sai bayan wata biyu ko uku yaron ya fara zazzaɓi da firgita, a miƙa masa ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe. A lokacin sai a ce iska ce ko sammu, a nufi wajen mai magani. Da zarar alamun nan sun bayyana, kusan babu wanda ke tashi, ko a wane asibiti ne a duniya. Yawancin irin waɗannan ba sa shiga lissafin kowace hukuma.

Abin da ke ci mini rai shi ne tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa mutum na farko allurar wannan cuta a Faransa, ya rayu. An kuma tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Allurar kare guda ba ta kai ko kusa da kuɗin jerin alluran da wanda aka ciza zai sha ba, balle kuɗin motar zuwa Dutsin-Ma ko Katsina sau da yawa ana neman inda ake da su. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Ni a ganina, ba a yawan taro za a auna ta ba. Za a auna ta ne a ranar da ayarin rigakafi ya sauka a gari irin Makera da akwatin sanyi, ya yi wa shanu allurar ciwon huhu, awaki ta PPR, kaji ɗigon ido, sannan dagaci ya sa a yi shela cewa duk mai kare ya jawo shi. Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma tun 2011 tana da ɗaliban noma da kiwo da za su iya riƙe littafin rajista a irin wannan rana, limamai kuma su sanar bayan sallar Juma'a.

Kafin wannan ranar, akwai abin da ke hannun kowace uwa. Idan kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wani rauni a jikinsa, ba toka ba, ba barkono ba, ba gashin karen da ake ƙonawa a shafa ba. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi ƙwayar gero ba. Karen kuma, idan na gida ne kuma za a iya ɗaure shi ba tare da ya sake cizon wani ba, kada samari su yi saurin kashe shi su jefar. A ɗaure shi ana ba shi ci da sha ana lura da shi kwana goma, yaron kuma ya fara karɓar allura ba tare da jiran sakamakon ba. Idan karen ya mutu a cikin kwanakin, ko dole ta sa an kashe shi, a sanar da malamin dabbobi ya zo ya ɗauki kan don gwaji, kada kowa ya taɓa shi da hannu.