IGIYA, SARƘA DA ANKA: ILMIN TSAYAR DA JIRGI BISA RUWA

Duk da sunansa, garin Tsibiri ba ya kusa da teku. Amma ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi ba baƙin ruwa ba ne. Gulbin Maraɗi yana shigowa daga Najeriya, ya ratsa ta Jiratawa, ya wuce gindin Maraɗi da Tsibiri, kana ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Shi ne ya ci tsohon birnin Maraɗi a 1945, har jama'a suka ƙaura bisa tudu. Kudu da birnin kuma ga tabkin Madarumfa, inda masunta ke neman abincinsu cikin jiragen katako. Ga masunci, jirgi shi ne gona, shi ne jari. In hadari ya taso da dare, iska ta tsinke masa igiya, to aikin shekaru ya bi ruwa. Sabili da haka yana da kyau mu duba abin da matuƙan teku suka sani game da tsayar da jirgi, musamman masu ƙananan jiragen nan da iska ke turawa, waɗanda ke kwana bisa ruwa nesa da tasha.

Ƙarfen da suke jefawa ƙarƙashin ruwa don ya riƙe jirgi, sunansa anka. Da yawa daga cikinmu na zaton nauyinta ne ke aiki, kamar dutsen da ake ɗaura wa igiya a jefa. Ba haka zancen yake ba. A 1933 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Geoffrey Taylor, ya ƙera wata anka mai siffar garmar shanu, wadda har yau ake amfani da irinta. Manomi ya san halin garma: in shanu suka ja ta a kwance, sai ta nutse cikin ƙasa, in aka ɗaga ta sama, sai ta fito. Anka ma haka take. Ƙarfinta yana ga yadda ake jan ta, kuma igiya da sarƙa su ne ke tsara wannan ja.

Nan ne maganar tsawo ta shigo. Gajeriyar igiya tana jan anka sama, ta tumɓuke ta. Doguwa tana jan ta a kwance, ta ƙara binne ta cikin laka ko rairayi. Ƙa'idar matuƙa ita ce: in igiya ce, a saki tsawon da ya ninka zurfin ruwa sau 7, in sarƙa ce zalla, sau 3 zuwa 5 ya wadatar muddin ruwa na kwance. Ana lissafin zurfin ne tun daga goshin jirgi har ƙasan ruwa. Ke nan, in mu auna da gaba yadda muka saba auna rijiya, ruwa mai zurfin gaba 2 yana son igiya gaba 14. Kuma a tuna ruwa yana ƙaruwa. A teku yana hawa yana sauka kowace rana. A gulbinmu kuwa, ruwan da aka yi a ƙasar Katsina yana iya isowa da dare, alhali ko ɗigo bai sauka nan ba. Igiyar da ta isa da magariba tana iya gazawa kafin asuba.

To, sarƙa ko igiya? Kowace da amfaninta da aibinta. Tun farkon ƙarni na 19 jiragen yaƙin Ingila suka fara barin igiyar zare suna komawa ga sarƙar ƙarfe, domin dutse ba ya yanke ta, kuma ba ta ruɓewa. Nauyinta yana kwantar da ita ƙasa, ta yi lanƙwasa kamar baka, wannan lanƙwasa kuwa ita ke shanye fizgar iska. Sai dai nauyin nan kaya ne: sarƙa mai kaurin milimetir 8 tana kai wajen kilo 1,4 a kowane metir, mai milimetir 10 kuwa ta haura kilo 2. Metir 50 na ƙaramar ya kai kilo 70, wato nauyin ƙato guda zaune a goshin jirgi dare da rana. Bugu da ƙari, in iska ta yi tsanani har sarƙa ta miƙe sak, ba ta da sauran sassauci, duk fizgar sai ta faɗa kan jirgi. Don haka ne masu sarƙa zalla ke ƙara mata ɗan guntun igiya mai miƙewa daga wajen goshi.

Igiya ba ta da nauyi, ba ta da tsada kamar sarƙa, amma ba kowace ta dace ba. Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, shi ne matuƙa suka fi so, saboda yana nutsewa, yana kuma miƙewa ya dawo, sai ya tausasa bugun igiyar ruwa. Igiyar roba mai launi da ta cika kasuwanninmu, da ƴar uwarta da ake tufkawa da zaren tsohon buhu, tasowa suke bisa ruwa, kuma rana tana cin su har su riƙa marmashewa a hannu. Ta kaba da ta rama kuwa, in suka daɗe a jiƙe, ruɓewa suke. Araha dai ba ta ado. Yawancin ƙananan jirage sun zaɓi tsaka-tsaki: ƴar sarƙa ta metir kaɗan daga wajen anka, inda ake gogayya da duwatsu, sauran tsawon kuma nailan.

Babban abokin gabar igiya ba ja ba ne, gogayya ce. Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya a karkarar Gobir ya ga yadda igiyar guga ta yi wa itacen baki zanen tsaga. In igiya na cin itace, itace ma yana cin igiya. A jirgi, wurin da take goga da goshi shi ne ke fara mutuwa, kuma dare guda na iska ya isa. Maganin ba shi da wuya: a zura ta cikin guntun tiyo, ko a naɗe wurin da fata ko tsumma mai kauri, a riƙa gusar da ita kaɗan don kada wuri ɗaya ya sha wahala kullum.

Akwai kuma wasu ladubban da masu teku ba su wasa da su. Ana ɗaure anka daga goshi ne kawai, domin jirgin da aka riƙe ta baya igiyar ruwa na shiga cikinsa ta nutsar da shi. Ana sa alamar fenti ko ƙyalle a tazara sananniya, don mutum ya san tsawon da ya saki ko cikin duhu. Ba a watsa sarƙa gaba ɗaya ta taru kan anka. Sakin ta ake sannu sannu yayin da jirgi ke ja da baya. Ƙarshen sarƙa kuma da ƴar igiya ake ɗaure shi cikin jirgi, yadda in haɗari ya matso wuƙa za ta raba su nan take. Ƙafa kada ta shiga cikin naɗin igiya lokacin da take fita. Bayan aiki a wanke laka, a shanya a inuwa, a bi sarƙa zobe zobe: wanda tsatsa ta ci har ya sirance, shi ne zai ci amanar sauran.

Masuntanmu da ke kafa gora cikin laka su ɗaure jirgi, ko su jefa dutse, suna da nasu sanin da suka gada, kuma yana aiki a ruwa marar zurfi. Abin da za su ƙara daga teku ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a tsawaita igiya, a zaɓi mai miƙewa, a kare ta daga gogayya. Lokacin yin haka shi ne rani, sa'ad da tabki ya ja baya, jirage na bisa gaɓa ana toshe musu ɓaraka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah shi kare masu neman halaliyarsu bisa ruwa, shi kawo mu damina mai albarka.