Daga Tanda zuwa kujerar dama: abin da ya kamata ku sani game da aikin tuƙin jirgin sama

Tanda ba ta da filin jirgi. Wanda yake son ganin jirgin fasinja a ƙasa sai ya fito Gaya, ya bi ta Dosso har Yamai, tafiyar kusan kilomita 300, ko ya tsallaka ta Kamba ya nufi Birnin Kebbi. Duk da haka ba a rasa yaro ko yarinya a makarantun yankin da ke cewa tuƙin jirgin sama suke so. Wasu iyayen dariya suke yi, wasu kuma nan take su fara lissafin gonar da za a sayar. Duka biyun akwai gyara. Aikin yana samuwa, amma yana da matakai, kuma inda aka fi faɗuwa shi ne tsakanin karɓar lasisi da samun aikin farko.

Kafin a kashe ko dala, a fara da likita. Duk mai son tuƙa jirgin haya dole ya samu takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, daga likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, ba kowane likita ba. Za a auna zuciya da ji da gani, a duba hawan jini da suga da farfaɗiya. Sanya tabarau ba ya hana mutum, matuƙar yana gyara ganin. Wanda ya fi zuwa wa samari ba zato shi ne rashin bambance launi: mutum ya girma lafiya lau, bai taɓa sanin idonsa yana haɗa ja da kore ba sai ranar da aka buɗe masa littafin ɗige-ɗige aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Fitilun jirgi da na filin sauka kuwa da launi suke magana. Gara a ji wannan labari tun kuɗin yana aljihu.

Sai karatu. Bak, wato takardar kammala sakandare, ta fannin lissafi da kimiyya, C ko D, ita ta fi taimako. Amma abin da ɗan Nijar ya fi rainawa shi ne Turancin Ingilishi. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa iya Ingilishi mataki shida, kuma tun 2008 sai mai mataki na huɗu zuwa sama ke tuƙi tsakanin ƙasashe. A sararin Yamai ko Kwatano za ka ji ana magana da hasumiya da Faransanci, amma da jirgi ya shiga Kano ko Legas ko Akara, Ingilishi ne zalla, littattafan jirgin ma haka. A nan ɗan Dandi yana da rabon da ɗan Agadas ba shi da shi: Najeriya tana bakin ƙofarsa, ga 'yan'uwa a Kamba da Kebbi da Sakkwato. Yaron da ya haɗa Faransanci da Ingilishi kasuwar Afirka ta Yamma duka a buɗe take gare shi.

Mutane da yawa suna zaton makarantar EAMAC da ke Yamai matuƙa take yayewa. Makarantar ASECNA ce, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashen Afirka da dama, tana nan tun 1963, kuma masu ba jirage hanya daga hasumiya take horarwa, da masana yanayi da masu kula da na'urori. Ayyuka ne masu mutunci da ake shiga ta gasar jarrabawa, kuma na fi son iyalin da ba su da ƙarfi su dube su da kyau. Tuƙi kuwa, galibin 'yan Nijar a waje suke koyonsa. A Najeriya akwai kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Akwai wata a Ilori, akwai ta kamfanin Ethiopian a Adis Ababa, akwai na Maroko da Afirka ta Kudu da Faransa. Akwai kuma hanyar soja, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin horon, kamar yadda Ouma Laouali ta bi ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin sojan Nijar a 2015. Sai dai wanda ya shiga soja ya shiga ke nan na shekaru, ba wurin wucewa ba ne.

Da awa ake ƙidayar wannan karatu. Lasisin farko, PPL, yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, kuma ba a cin abinci da shi. Na haya, CPL, awa 200 ne, ko 150 a kwas na bai-ɗaya, mutum ya kai shekara 18. A kansa ake ƙara izinin tuƙi da na'ura kaɗai lokacin da ba a ganin waje, da izinin jirgi mai inji biyu, da horon aiki tare da matuƙi na biyu. Kuɗin gaba ɗaya gomman miliyoyin sefa ne. Tambayoyi biyu nake roƙon kowane uba ya yi kafin ya biya. Jirage nawa makarantar take da su masu tashi yau, kuma ɗalibai nawa ke layi a kansu? Kwas na wata 18 yakan koma shekara uku saboda rashin jirgi ko mai ko malami, ɗalibi yana zaune yana cin kuɗin haya. Ta biyu, ANAC, hukumar jiragen sama ta Nijar, za ta amince da lasisin ta mayar da shi nata? A je ofishinsu a Yamai a tambaya, kada a dogara da bakin dillali. Kuma a riƙa biya kashi-kashi, kada a zube duka lokaci guda.

To, ga yaro ya dawo da lasisi da awa 200 a littafinsa, an yi walima, gari ya ɗauka ya zama kyaftin. Nan ne wahalar take farawa. Lasisin bai ba shi ikon tuƙa ATR 72 ko Dash 8 ko Embraer 145 ba, irin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin biranen yankinmu. Kowane nau'in jirgi yana da nasa izini, na makonni a aji da cikin na'urar kwaikwayon jirgi, yawanci a wata ƙasa, kuma shi ma miliyoyi ne. Wani kamfanin yakan biya, ya ɗaure ka da yarjejeniyar yi masa aiki na wasu shekaru. Wani ya ce ka zo da abinka. Iyalai da yawa kuɗinsu a bakin CPL yake ƙarewa, saboda ba wanda ya gaya musu akwai sauran tafiya. Shawarata, kada a sayi izinin wani jirgi sai an ga kamfanin da ke da irinsa kuma yake ɗaukar sababbi, domin izinin da ba a yi aiki da shi ba shekara guda ya isa ya buƙaci sabuntawa.

Kamfanonin kuma ba su da yawa. A gida akwai Niger Airlines mai zuwa Agadas da Damagaram da sauran biranen cikin ƙasa. A maƙwabta akwai ASKY mai mazauni a Lome, wanda ya fara tashi a 2010, da Air Côte d'Ivoire, da na arewacin Najeriya irin su Max Air da Rano Air. Kowace ƙasa 'ya'yanta take fara dubawa. Ɗan Nijar da ya nemi aiki a Kano yana buƙatar hukumar can ta amince da lasisinsa, ga takardun zama, waɗanda ya kamata a sake bincikarsu tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. A Amurka tun 2013 ba a ba mutum kujerar mataimaki a irin waɗannan kamfanoni sai ya tara awa 1,500, in ban da 'yan rangwame. A nan ana iya shiga da 200, sai dai ƙofar ƙarama ce, shi ya sa wasu ke zama malaman tuƙi ko su yi aikin ƙananan jiragen shata don littafinsu ya yi nauyi.

Ranar gwajin ɗaukar aiki, za a yi jarrabawar takarda da hira, sannan a sa ka cikin na'urar kwaikwayo, wataƙila ta jirgin da ba ka taɓa shiga ba. Kana cikin tashi sai mai gwaji ya kashe maka inji ɗaya daga bayanka. Ba ƙwarewar tsohon hannu yake nema ba. Yana duba ko ka natsu, ko ka bi jerin matakan da aka rubuta, ko ka yi magana da na kusa da kai, ko kana karɓar gyara.

Wanda aka ɗauka kujerar dama zai zauna, kyaftin a hagu. Mutanen Gaya, da suka saba da manyan motocin Malanbil, za su iya ɗaukarsa kamar yaron mota. Ba haka ba ne: bi-da-bi ake tuƙi, wannan zango kyaftin ya riƙe, mai zuwa mataimaki ya riƙe, ɗayan yana magana da hasumiya yana sa ido. Watannin farko da kyaftin mai koyarwa zai riƙa tashi har a gwada shi a sake shi. Zai tashi kafin asuba, ya sauka ya tashi sau huɗu a yini, ya yi sallar idi a otal. Zai san hazon hunturu da ke rufe fili har a juya da fasinja, da hadarin damina da ke tasowa da yamma.

Abin da ya fi yi wa yaronmu wuya a wannan kujera shi ne buɗe baki. An tarbiyyantar da shi kada ya musa wa babba, ga shi kusa da kyaftin sa'an mahaifinsa. Amma aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan: in ya ga gudu ya ragu ko hadari ya tare hanya, ya faɗa da murya a sarari, cikin ladabi, ba tare da jinkiri ba. Jirgin da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a ciki, masu bincike sun ɗora hatsarinsa a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayi, suka kuma ambaci rashin daidaiton aiki tsakanin matuƙan biyu.

Albashin farko ba ya kai yadda dangi ke zato, musamman in ana cire kuɗin horo, don haka a yi masa haƙuri da bani-bani. Jarrabawa ba ta ƙarewa: na'urar kwaikwayo duk wata shida, likita duk shekara. Lasisin ƙoli, ATPL, wanda ake zama kyaftin da shi, sai an cika awa 1,500 da shekara 21. Kamfanoni kuma suna mutuwa. Air Afrique, wanda Nijar ta kasance cikin masu shi tun 1961, ya rushe a 2002 ya bar ma'aikatansa a titi. Saboda haka kafin yaro ya sa hannu a yarjejeniyar ɗauri, ya samu lauya ya karanta masa sakin layin da ke cewa wa zai biya ragowar kuɗin horo idan kamfanin ne ya daina tashi.