Gaskiya ko Jita-jita: Man Fetur ne Ya Rushe Dalar Gyaɗar Kano?

Duk majalisar da aka tayar da hirar arzikin Arewa, sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ai mai ne ya kashe mana gyaɗa." An faɗa an maimaita har maganar ta zama kamar karatun allo. To, bari mu ɗora ta a sikeli, ita da wasu 'yan'uwanta biyu.

Ana cewa Turawa ne suka tilasta wa manoman Kano noman gyaɗa. Wannan jita-jita ce. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawan Ingila suke kwaɗayi, domin masaƙunsu na Lankasha. Manoma da fatake, irin su Alhassan Ɗantata, su suka yi lissafi suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Hannun hukuma a nan shi ne jirgin ƙasa, da harajin da sai da kuɗi ake biya.

Ana kuma cewa dalar shaida ce cewa manomi yana cikin daula. Rabin gaskiya ke nan. Buhunan sun yi ta taruwa ne saboda jirgi ya kasa kwashe su zuwa Ikko a kan kari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne farashi. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma hannun Jihar Arewa, kuma ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje. Ita ke yanka farashi kowace kaka, ejan-ejanta masu lasisi su saya, sau da yawa ƙasa da kuɗin kasuwar duniya. Rarar ta gina hanyoyi da makarantu, ba mai musun wannan, amma daga gumin mutumin ƙauye aka tatse ta, shi kuwa ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba. Tun kafin kuɗin mai su yi ambaliya, manoma suka fara kai gyaɗarsu wajen mata masu ƙuli-ƙuli, ko su tsallaka da ita Nijar idan farashi ya fi kyau a can.

Sai batun man kansa. An gano shi a Oloibiri a 1956, amma gyaɗa ta ci gaba da bunƙasa har cikin shekarun 1960. Faɗuwarta ta zo ne da farin 1972 zuwa 1974, sannan a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta tsumburar da gonaki. A daidai lokacin farashin mai ya ninka kusan sau huɗu, aka yi ƙarin albashin Udoji, matasa suka bar fartanya suka nufi birni, gwamnati kuma ta bar naira da tsadar da ta sa shigo da kaya ya fi fitarwa riba. Indunusiya ma ƙasar mai ce, kuɗin sun zubo mata a shekarun nan, amma ta zuba su a taki da noman rani da hanyoyin karkara, ta rage darajar kuɗinta a 1978, zuwa 1984 tana ciyar da kanta da shinkafa.

Da gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin ciniki a 1986, dalar ta riga ta zama tarihi. Gyaɗar kanta ba ta mutu ba, har gobe Najeriya na sahun gaba a nomanta a Afirka, sai dai a gida ake cinye mafi yawanta.

Hukuncinmu: fari da cuta sun kayar da gyaɗa, mai ya ɗauke hankalin masu mulki, su kuma suka zaɓi su bar ta a kwance.