Miliyan Ɗaya: Lissafin da Ya Kamata Makiyayi Ya Sani

A kasuwar Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, cinikin garken shanu yakan kai miliyan ɗaya na kuɗin sefa. Talakawa kuwa da dala suke ƙidaya, watau tamma biyar-biyar. Saboda haka miliyan ɗaya dala 200.000 ce, ko jikka dubu. Wanda ya rikita tamma da dala, kuskurensa ya ninka sau biyar.

Masana lissafi sun nuna cewa tushen wannan adadi shi ne 2 da 5, kowanne an riɓanya shi sau shida. Shi ya sa adadi 49 ne kaɗai ke raba shi ba saura, kamar 4, 8 da 25. Ba ya rabuwa gida 3, 6 ko 7.

Wannan yana da amfani wajen rabon gado. Tumunin matar mamaci yana fita daidai, tamma 125.000. Sudusi kuwa ba ya fita: dala 33.333 ne, dala biyu su yi saura. Magada su sani ba ha'incin mai rabo ba ne, halin adadin ke nan.