Siririn faifan zarto: yana tattalin katako, amma a duba ƙarfen bayansa

Duk wanda yake da ɗa ko ƙane yana koyon kafinta a Sokoban, inda aka mayar da masu aikin katako na Anloga a Kumasi, ko a ƙananan shagunan Aboabo da Asawase, ya san injin yankan katako mai tebur. Faifan zarto ne ke leƙowa ta tsakiyar tebur, kai kuma ka tura katako. A 'yan shekarun nan kafintoci da yawa sun koma sayen siririn faifai, kuma suna da dalili. Faifan da aka saba da shi yana cin kimanin milimita 3.2 na katako a kowace yanka, siriri kuma kusan 2.4. Ga mai tsaga allo sau ɗari a rana, abin da ya tsira daga zama gari kuɗi ne. Ƙaramin inji ma ba ya wahala wajen juya shi.

Matsalar tana bayan faifan. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke tsaye a can, aikinsa ya riƙe tsagar a buɗe don kada katakon ya matse faifai. Ƙa'idarsa ita ce ya fi jikin faifai kauri, amma kada ya kai faɗin tsagar da haƙora suka yi. To, idan aka ɗaura siririn faifai a injin da ƙarfensa na mai kauri ne, katako yakan cije a kan ƙarfen ya ƙi wucewa. Abin da yawanci ke biyo baya sananne ne: masta ya kwance ƙarfen ya jefa ƙarƙashin benci, aiki ya ci gaba.

Daga nan ba abin da zai hana katako matse haƙoran baya, waɗanda sama suke tashi. Bakin faifai mai inci 10 yana gudun fiye da kilomita 150 a awa. Idan ya cafki allo sai ya wurgo shi cikin mutum ko ƙirjinsa, hannun da ke danne da allon kuma ya zarce kan haƙora kafin ƙiftawar ido. Maganin ba tsada: a auna, a sayi ƙarfen da ya dace da faifan, ko a koma wa mai kaurin. A ganinmu, wanda ba zai iya samun ƙarfen ba, siririn faifai ba nasa ba ne.

Siriri kuma yana da saurin lanƙwasa idan ya yi zafi. A kan wawa, mai laushi, lafiya lau yake tafiya. A kan odum mai kauri ko ɗanyen katako, sai a tura a hankali. Ƙaurin ƙuna ko canjin ƙarar inji alama ce ta a tsaya. A wanke ƙaron da ya daskare a haƙora, a ɗaga faifai ya ɗara katako kaɗan kawai, a tsaya gefe ba saitin faifai ba, a ƙarasa turawa da sanda. Ban da safar hannu, ban da riga mai faɗin hannu, carbi ma a aljihu. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a kashe makunni nan take, domin injuna da yawa da kansu suke tashi idan wuta ta dawo, wataƙila lokacin yaro yana share gari kusa da haƙora.

Idan tsautsayi ya afku, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba toka, ƙasa, man birki ko garin magani. Suna shigar da ƙwayoyin cuta, su kuma ƙara wa likita aiki. Yatsan da ya guntule kada a bar shi cikin garin katako. A naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A kira 112 ko a tsayar da tasi zuwa sashen gaggawa na Komfo Anokye. Mutanenmu na Nima da Sabon Zongo kuma Korle Bu. Sa'o'in farko ne ke nuna ko za a iya mayar da yatsa, don haka kada a tsaya neman shawarar maƙwabta, kada kuma a ba shi abinci ko ruwa, ko za a yi masa aiki. Ko yankan ƙarami ne, a tambayi allurar tetanus.

Iyaye da malamai, ranar da za ku kai yaro wurin masta, bayan an gama gaisuwa da maganar kuɗin koyo, ku ce a nuna muku injin. Ku duba ko ƙarfen nan yana bayan faifai, ko akwai sandar turawa a rataye kusa, sannan ku tambayi wata nawa yaro zai yi yana kallo kafin a bar shi ya tura katako.